Yadda ake canza fanal ɗin mota na walda: matakan aikin da inda kuɗin yake tafiya

Tambayar da ta fi yawa a bakin waɗanda aka buge wa mota ta baya ita ce: me ya sa da aka canza mini fenda ta gaba aka gama a yini ɗaya, yanzu kuma lotsewar ba ta ma kai waccan ba, amma mai gyara ya ce in bar motar mako guda, ya kuma yanka kuɗin da ya ninka na farko? Wasu har sukan ɗauka cuta ce.

Yawanci ba cuta ba ce. Fenda ta gaba da bonet da ƙofofi da murfin but, noti ne ke riƙe da su, a kwance tsoho a ɗaura sabo. Amma fanal ɗin gefen baya, wato fallen ƙarfen da ya taso daga bakin ƙofar baya ya zagaye taya ya kai fitila, da dokin ƙofa na ƙasa, da rufi, da daɓen but, duk a walde suke da gangar jikin motar tun daga masana'anta. Mota ɗaya tana ɗauke da dubban ɗigon walda. Kafin a cire fanal guda sai an bi nasa ɗigon ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin a kai ga wannan sai an kwashe kusan rabin kayan cikin motar. Zan yi misali da fanal ɗin gefen baya don shi aka fi canzawa, amma tsarin ɗaya ne ga sauran.

1. Tabbatar cewa sai an canza

Ba kowace lotsewa ce ke bukatar yanka ba. Idan ƙarfen ya loɓa ne kawai, bai yage ba, bai naɗe ya yi kaifi ba, gwanin fanal bita zai iya jawo shi ya daidaita, kuma hakan ya fi wa motar alheri, domin waldar masana'anta da maganin tsatsarta suna nan yadda suke. Ana canzawa ne idan ƙarfen ya yage, ko ya miƙe har yana lanƙwasa da ɗan dannawar yatsa, ko bakin tayar ya murƙushe, ko tsatsa ta cinye shi. Ma'aunin da nake amfani da shi: in dai gyaran zai bukaci fila, wato ƙullin da ake shafawa a cike lotsewa, mai kauri fiye da milimita 3, a yi maganar canji.

A nan ne kuma za a duba abin da ke ƙarƙashi. A buɗe but, a ɗaga kafet, a cire rufin gefe, a haska tocila. In gidan taya na ciki ya matse, ko daɓen but ya yi ƙunci, ko ƙofar baya ta daina rufuwa daidai, to bugun ya shiga ciki.

*Gargaɗi:* idan gangar jikin ta karkace, a ɗora motar a kan injin ja a miƙe ta tun tsohon fanal yana jiki. Da zarar an yanke shi, babu abin kamawa a ja, kuma sabon ba zai taɓa zama daidai a kan ƙashi karkatacce ba.

2. Samo fanal kafin a taɓa motar

Hanya uku ce. Akwai sabo na kamfanin motar, shi ya fi tsada kuma shi ya fi zama lafiya. Akwai sabo na wasu kamfanoni, mai sauƙin kuɗi, wanda wani lokaci sai an sha fama kafin layinsa ya haɗu da na ƙofa. Sai kuma wanda aka yanko daga jikin wata mota irinta. Wannan na ukun mutane ke ruɗuwa da shi: ƙarfen na asali ne kuma da araha, amma yana zuwa ne haɗe da ƙarafan ciki, don haka sai an zauna an ɓare shi daga jikinsu ba tare da an lalata leɓensa ba. Aikin cire walda ya zama biyu ke nan, abin da aka rage a kuɗin fanal ya koma kuɗin aiki.

A sayi fanal da lambar chasis, kada a dogara da sunan mota da shekara kawai. A kuma lura da gefen da ƙofar tankin mai take.

3. Lissafin kuɗi

Ka nemi a rubuta maka lissafin kashi-kashi. Kuɗin ya kasu gida shida: fanal ɗin kansa, awoyin aikin ƙarfe, awoyin aikin fenti, kayan fenti, ƙananan kayan da ke ƙarewa a aiki, da aikin da ake kiran wani gwani ya yi, kamar cire gilashi ko saita na'ura.

Manyan gareji da kamfanonin inshora suna ciro awoyin ne daga manhajojin ƙiyasi irin su Audatex da Mitchell da CCC, waɗanda suka ƙayyade wa kowane aiki lokacinsa bisa irin motar. Ko mai gyaranka ba ya amfani da su, kai ka yi tunani da awoyi. Fenda mai noti aikin awa biyu zuwa uku ce kafin fenti. Fanal ɗin gefen baya kuwa, ga ƙiyasina a kan mota mai ƙofa huɗu: kwance kaya awa 3, yanka da cire walda awa 4 zuwa 5, gwaji da saiti awa 3, walda awa 4, gurza da gyaran fuska awa 3, fenti awa 5 zuwa 6, mayar da kaya awa 3. Ka ga an kai awa 25 zuwa 27, ban da jiran bushewa. Ka ninka wannan da kuɗin awa guda na wurin da kake, za ka ga yadda kuɗin hannu yake taruwa, har ya iya fin kuɗin fanal ɗin.

Abubuwan da ake yawan mantawa a lissafin farko, daga baya su fito su jawo rigima: ƙaramin gilashin gefe, wanda da gam aka manne shi kuma yakan fashe wajen cirewa, 'yan maƙalan roba da ke karyewa, fesa wa ƙofar baya da murfin but fenti don launi ya saje, gam ɗin toshe gaɓa da kakin hana tsatsa, da saita na'urar lura da gefen mota, wadda a motocin zamani take zaune a bayan kusurwar bamba. Ka tambayi kowanne tun kafin a fara.

Idan mutum biyu suka ba ka farashi, na ɗaya rabin na ɗayan, kada ka yi murna tukuna. Ka tambayi mai arahar a ina zai yanka, da wace irin walda, kuma me zai sa a bayan waldar. A cikin waɗannan ukun arahar take ɓoye, araha kuwa ba ta ado. Sannan ka auna jimillar da darajar motar. Tsohuwar mota takan kai inda kuɗin aikin ya kusa kuɗinta, a nan ja da gyara ya fi hankali.

4. Kayan aiki

Injin huda da bakin cire ɗigon walda mai milimita 8, giranda da fayafayan yanka da na gurza, ƙaramin zarto mai aiki da iska, siririn kurfi na raba ƙarfe, filaya mai kamawa aƙalla goma, injin waldar MIG (wanda ke turo waya da kansa, gas yana kare waldar) mai waya milimita 0.6 ko 0.8 da gas ɗin argon haɗe da kabon dayoksaid, bargon walda, tef ɗin awo, da tukunyar kashe gobara. Garejin da ke da injin waldar ɗigo mai hannu biyu ya fi, domin shi ne ke yin irin waldar masana'anta.

*Gargaɗi:* fanal ɗin waje kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, yawanci 0.7 zuwa 0.8. Waldar gas mai harshen wuta tana dumama fili mai faɗi, ta murɗe ƙarfen, ta ƙone rufin zinc da ke kare shi. Waldar sanda kuma huda shi take yi. Sannan ka manna maganaɗisu tukuna: in bai kama ba, mai yiwuwa alminiyum ne, kamar jikin Ford F-150 tun daga ƙirar 2015. Irin wannan da ribit da gam ake haɗa shi, da kayan aiki na daban, kuma ba aikin kowane gareji ba ne.

5. Kwance kaya da kare motar

A cire kan batir na negatif, a jira lokacin da littafin motar ya faɗa kafin a taɓa wayoyin jakar iska. Sai a cire bamba, fitilar baya, kujerar baya, bel, rufin gefen but, kafet, robar bakin ƙofa, gilashin gefe, a kuma sassauto silin ta wannan ɓangaren. Jakar iska ta labule tana kwance ne a gefen rufi, dole a cire ta ko a nisanta ta da zafi. Duk wata kwamfutar mota da ke kusa da wurin walda da ƙasa da santimita 30, a ɗauke ta. A ɗauki hoton kowane abu kafin a kwance, noti kuma a zuba su a leda a rubuta sunan wurinsu.

Gilasan da suka rage a rufe su da bargon walda. Tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilashi ya bar ɗigo-ɗigon da ba sa fita.

*Gargaɗi:* in fanal ɗin na gefen tanki ne, a cire bututun zuba mai a toshe bakin tankin, ko a sauke tankin gaba ɗaya. Tururin fetur ya fi fetur ɗin haɗari. Mota mai lantarki ko mai haɗa fetur da lantarki kuwa, wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa, sai wanda aka horar ya kashe ta kafin a fara komai.

6. Awo da wurin yanka

Kafin yanka a auna bakin ƙofa da bakin but, tsaye da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a kwatanta da ɗaya gefen mai lafiya, a rubuta.

Ba kasafai ake canza fanal ɗin har cikin rufi ba. Ana yanke shi ne a ginshiƙin baya da kuma kan dokin ƙofa, a haɗa sabo da tsoho a can. Kamfanin motar ya ƙayyade waɗannan wuraren a littafin gyaransa, kuma akwai dalili: a ƙarƙashin fatar waje akwai ƙarafan ƙarfafawa, wasunsu na ƙarfen boron ne mai ƙarfin da ya kai megafaskal 1,500 a ma'aunin ƙarfin ƙarfe, musamman a ginshiƙin tsakiya. Zafi yana kashe ƙarfin irin wannan ƙarfe, kuma ba a gane hakan da ido sai ranar wani haɗarin.

A yanka tsohon a bar rarar santimita biyu zuwa uku fiye da layin ƙarshe. Ragewa tana da sauƙi, ƙari ne babu.

*Gargaɗi:* a saita zurfin yanka ya tsaya a fatar waje kaɗai. A cikin ginshiƙan akwai kumfar hana ƙara da wayoyi, kumfar kuma tana kama wuta.

7. Cire ɗigon walda

Wannan ne aikin da ke cin haƙuri. A goge fenti da gam daga leɓen fanal da burushin waya har ɗigon ya fito, kamar 'yan ramuka zagayayyu a jere. A buga alama a tsakiyar kowanne, a huda da bakin nan na milimita 8 a hankali, a tsaya da zarar an ratsa fallen sama. Alamar isa ita ce ɗan canjin launi ko ƙurar tsatsa da ke fitowa daga tsakanin fallayen biyu. Sai a zura siririn kurfi a raba. In ya ƙi rabuwa, akwai ɗigon da aka tsallake, a neme shi. Mai gaggawa yakan ɗauki guduma ya fizge, ya yaga leɓen ciki, wato wurin da sabon fanal zai zauna, ya ƙara wa kansa aikin awa biyu. Sauri ya haifi nawa.

A bakin taya, motoci da yawa gam aka sa aka naɗe leɓen. Can sai a gurje gefen naɗin da giranda, a ɗan dumama da bindigar iska mai zafi gam ɗin ya saki.

Bayan an cire, a gurje ragowar waldar ta kwanta, a miƙe leɓen da guduma da ƙarfen tokare, a kankare duk tsatsar da aka tarar.

8. Gwaji kafin wuta

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo, wannan ne. A ɗora sabon fanal a kama shi da filaya, a mayar da ƙofar baya da murfin but da fitila da bamba, a gwada gilashin a mazauninsa. A rufe ƙofa a duba tazarar: ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, daidai da ta ɗaya gefen, yawanci milimita 3 zuwa 5. A bi layin jikin motar da ido daga ƙofa zuwa fanal, a shafa tafin hannu a kan gaɓar. In ka ji tudu ko kwari, ba a gama ba. Sau uku, sau huɗu, a sauke a gyara a mayar, duk ba ɓata lokaci ba ne.

Sai komai ya zauna sannan a yanka wurin haɗin. Dabara mai kyau ita ce a bar sabon ya hau kan rarar tsohon, a yanka su tare da siririn zarto, sai bakunan biyu su haɗu cif. Idan littafin gyara ya ce a sa ɗan ƙarfe a baya ya tallafi gaɓar, a yanko shi daga tsohon fanal. A ɗaure fanal ɗin da 'yan sukurori a yi alama, don ya koma wurinsa bayan an sauke.

9. Shirya leɓe da walda

A sauke fanal, a huda ramuka a leɓensa daidai adadin ɗigon da aka cire, in da MIG za a yi aikin. A goge baƙin fentin da ya zo da shi a inda walda za ta taɓa kaɗai, sauran a bar shi, kariya ce. A fesa firaima mai zinc da ke jure walda a fuskokin da za su haɗu, domin bayan yau hannu ba zai sake kaiwa can ba. Inda masana'anta ta sa gam ko kumfa, a mayar.

Kafin a taɓa motar, a gwada injin a kan guntun tsohon fanal: a cika rami ɗaya, a murɗe fallayen biyu da filaya. In waldar ta yi, ƙarfen ne zai yage ya bar rami. In ta ɓalle salin-alin, wutar ba ta ratsa ba, a sake saiti.

A kama wayar negatif ta injin walda a jikin mota kusa da wurin aiki. A fara da ɗigo kaɗan a kusurwoyi, a sake rufe ƙofa a duba tazara, sannan a ci gaba. Ramukan leɓe a cika su ana tsallake-tsallake, nan ɗaya can ɗaya. Gaɓar ginshiƙi kuwa ba a jan ta a layi ɗaya. Ɗigo ake yi, a matsa gaba, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani, har ta haɗe.

*Gargaɗi:* hayaƙin zinc yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, a yi aiki inda iska ke wucewa da abin rufe hanci na walda. Kada a taɓa goge wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafi yana mai da shi iskar fosjin mai guba. Bayan an gama, wani ya zauna kusa da motar aƙalla rabin awa, wutar da ta kama kumfa a cikin ginshiƙi a hankali take ci.

10. Gurza, fila da toshe gaɓa

A gurje waldar ta yi daidai da fuskar fanal, ba tare da an cinye ƙarfen gefenta ba. A haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo akwai huda, a cike ta da walda. Fila ba ta toshe huda, ruwa take sha ta kumbura. A shafa firaimar efoksi, sai fila siririya a kan gaɓar, a goge da samfefa mai lamba 80, sannan 180, sannan 320.

Daga nan a bi duk gaɓoɓin da gam ɗin toshewa: magudanar bakin but, mazaunin fitila, cikin gidan taya, ƙasan dokin ƙofa. Ni wannan darasin a jikina na koye shi. Na taɓa karɓar mota daga wani gareji tana sheƙi, har na yi godiya. Bayan ruwan sama na farko na fara jin warin danshi. Da na ɗaga kafet ɗin but, tayar safaya tana zaune cikin ruwan da ya kai rabin yatsa, jak ya fara ja. Da aka cire rufin gefe, ga walda nan tsirara, baƙa, babu gam babu fenti. Aikin da bai fi awa ɗaya ba aka tsallake, ni kuma na sake biyan kuɗin kwance kaya.

11. Fenti da maganin tsatsa

Lambar fenti tana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Duk da haka rana tana canza launin tsohuwar mota, shi ya sa ake fesa gwaji a kan kati a kara da jikin motar a hasken rana. Launi mai ƙyalli, musamman ruwan azurfa, sai an saje shi cikin ƙofar baya. Fentin sheƙi na sama kuma a kai shi har inda fanal ya ƙare. In aka tsayar da shi a tsakiyar ginshiƙi, gefen zai fito fili bayan an sha rana. Fenti mai haɗin hadna, wato sinadarin da ke ƙarfafa shi, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lalata huhu, ƙyallen rufe baki ba ya tare shi.

Bayan fenti ya bushe, a zura siririn bututu ta ramukan ciki a fesa kakin hana tsatsa a bayan kowace gaɓa da aka walda, har ya fara ɗiga ta ramukan fitar ruwa. Kakin bayan fenti yake zuwa, in ya riga, fentin ba zai kama ba.

12. Mayar da kaya da karɓar mota

A manna gilashi da gam ɗinsa na yuretan, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin kafin a tuƙa. Notin bel da na kujera a ɗaure su da ƙarfin da littafi ya faɗa. A mayar da batir, a sa kwamfuta a duba, a saita na'urar lura da gefe.

Ranar karɓa ka je da rana, kada ka yarda da hasken fitilar gareji. Ka tsaya a bayan motar ka hango gefen a karkace, murɗewar walda a nan take bayyana. Ka rufe ƙofar baya da murfin but ka saurari ƙararsu, ka kwatanta da ɗaya gefen. Ka kunna mota ka ga fitilar jakar iska ta kama ta kuma mutu. Ka ja robar bakin ƙofa ka ga jerin waldar da idonka. Ka nemi hotunan da aka ɗauka kafin a rufe ciki, abin da ya kamata ka sharɗanta tun ranar ciniki. Sannan ka sa a sakar wa bayan motar ruwa da tiyo na minti biyar, ka buɗe but, ka ɗaga kafet, ka sa hannu a mazaunin tayar safaya kafin ka biya cikon kuɗin.